Giginyar Bayan Gidan Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To, ga ta ta zo.

A wani gari an yi wata mata ana ce mata Tabawa, da ɗanta tilo, Korau. Ran nan sai Korau ya ɗaura kaya zai bi fatake. Ya zagaya bayan gida ya dafa wata doguwar giginya, ya ce, "Inna, abu biyu na bar miki. Sorona kada ya zube, giginyar nan kada a sare ta. Ran da na hango kanta daga nesa, na san na iso gida."

Ta ce, "Na riƙe. Allah ya kiyaye hanya."

Damina ta zo ta wuce har sau bakwai, Korau shiru. Kewa ta ci Tabawa har ta rame. Kullum da safe sai ta share soron, ta kife turminta, ta hau kai tana leƙen hanya ta saman katanga. Ana nan sai rufin soron ya tsufa ya rufta.

Sai ta kira Jatau masassaƙi. Ya duba ya ce, "Tabawa, soro ba ya son komai sai azara, azara kuwa daga giginya ake tsaga ta. Duk yankin nan babu wata sai taki."

Ta ce, "Wannan kam a'a."

Ashe Gara na cikin bango tana saurare. Ita kuwa ta daɗe da yunwa a gidan. Ta gwada turmin, ta tarar na ƙirya ne, haƙoranta suka dakushe. Ta ɗanɗani ƙyauren, ta ji maɗaci ne, ta tofar. Sai ta leƙo ta ce, "Sannu maƙwabciya. Me zai sa ki taɓa alamar ɗanki? Ga kuka can, duk dajin wa ya kai ta kauri?"

Tabawa ta je wurin kuka. Kuka ta ce, "Baiwar Allah, ni ta miya ce da igiya, cikina duk ruwa ne." Amma mai kewa ba ta da kunne. Aka sari rassa, aka jera, aka zuba ƙasa. Kafin a yi girbi rufi ya rufta, Gara ta yi ƙiba.

Sai Gara ta sake leƙowa. "Ayya, kuskure aka yi. Rimi na so in ce. Dubi tsayinsa!"

Tabawa ta je wurin rimi. Rimi ya ce, "Ni na audugar matashin kai ne, ba na ɗaukar ƙasa." Aka sara, aka jera, aka rufe. Damina ɗaya ya yi, shi ma ya zubo. Gara har da zuwa jaje, tana lashe baki.

Tabawa ta je gindin giginya ta zauna tana kuka. Ta ce, "In na bar ki, ya dawo ba shi da ɗaki. In na sare ki, ya zo ya wuce bai gane gida ba."

Giginya ta ce, "Sare ni, Tabawa. Dama gori ake mini wai inuwata na nesa ka sha. To, bari na nesan ya sha ta a ɗakinsa. Sai dai ki binne ƙwallayena bakwai a gurbina, kada ki bari kowa ya tone su don kwaɗayin muruci."

Jatau ya kayar da ita, ya tsaga azara baƙa wuluk, ya shanya har ta bushe, aka rufe soro. Gara ta kai cizo ɗaya, ta kwashi 'ya'yanta ta bar gidan ko sallama babu. Tabawa ta binne ƙwallayen bakwai, ta ci gaba da shara da hawa turmi, tana kallon hanya, tana kallon 'yan giginyoyi suna tasowa a hankali kamar ba sa so. Haka ta yi har Allah ya karɓi abinsa.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana sai ga wani dattijo mai furfura a kan hanya, yana neman kan giginya ɗaya, sai ya hango bakwai. Ya shiga gida yana kiran, "Inna! Inna!" Shiru. Katanga ta zube, amma soro na nan tsaye.

Ya shiga soron. Daga sama azara ta ce, "Korau, ni ce giginyar da ka dafa. Ka yi latti. Amma duk biyun da ka bar mata ta riƙe. Je ka dubi turminta."

Ya fita ya tarar da turmin a kife a inda katanga take. Ƙiryar da ta gagari haƙorin Gara, ga sawun ƙafa biyu sun lotsa a bayanta. Korau ya durƙusa ya ɗora goshinsa a kai.

Shi ya sa, jama'a, kowane ice da aikinsa, kuma ba a neman shawarar rufi a bakin Gara. Wanda kuma ya bar mai jiransa a gida, ya waiwaya da wuri, don azara ta fi mutum jimirin jira.

Ƙurunƙus kan Gara. Ba don azara ba, da soron ya faɗo mana.