Yadda Maɗaci Ya Rasa Zaƙinsa

Dalilin da ya sa ɓawon maɗaci yake da ɗaci, har sai an toshe wa yaro hanci kafin ya haɗiye ruwansa, wata tsohuwa ce ta jawo, kuma ba da mugun nufi ba. Ku matso ku ji.

A can da, itacen nan zaƙi gare shi kamar zuma. Shi kaɗai ne a bakin rafin wani gari, kuma yana magana. Idan zazzaɓi ya kama yaro, uwarsa takan je ta yi sallama, ta sassaƙi ɓawo kamar faɗin tafin hannu ta gefen gabas, sannan ta kwaɓa laka ta shafe wurin don ya warke. A jiƙa, yaro ya sha yana lasar baki, kafin la'asar ya fita wasa.

A garin akwai Tabawa, mace mai son a yabi girkinta. Da 'yarta Dela ta yi haihuwar fari, sai ta ƙudurta dama kunun suna irin wanda ba a taɓa sha ba. Ta ɗauki ɗan gatarinta ta nufi rafi.

"Salamu alaikum, Baba."

"Maraba, Tabawa. Wa ba shi da lafiya?"

"Kowa ƙalau. Suna gare mu, nake so in ɗan sa wa kunu."

"Zuma ta ƙare ne a garin? Abin da ke jikina na masu ciwo ne."

"Haba Baba, duk girman nan naka? Ɗan kaɗan ne fa."

Itacen ya ji nauyinta, ya ƙyale ta. Ta sassaƙi gabas. Ta tuna dangin miji za su zo da yawa, ta koma yamma. Ta ƙara nan, ta ƙara can, har saran ya zagaye gindin ya haɗe. Sai ta jiyo lugude daga gida, ta tattara ɓawon a zane.

"Gobe zan dawo in shafa maka laka," in ji ta.

Kunu ya yi suna. Mata suka yi ta santi, suka tambayi sirrin, ita kuwa daɗin yabo ya sa ta faɗa musu. Daga nan kowace mai biki sai ta bi hanyar rafi. Tabawa dai ba ta koma ba.

Shekara ta zagayo, damina ta sauka da sauronta. Zazzaɓi ya kwantar da jikan nan, Mati, jikinsa kamar garwashi, ko nono ba ya kamawa. Tabawa ta ruga rafi. Ta tarar da itacen tsirara, ba ganye, ba ɓawo.

"Baba, maigidana ne ba lafiya," ta ce, don haka take kiran jikan.

Muryar ta fito da ƙyar. "Lakar da kika ce za ki shafa min, ita nake ta jira."

Ta durƙusa ta fara kwaɓa ƙasa.

"Bar shi, ta makara. Ga 'ya'yana nan sun tsiro a gindina. Na bar musu maganin duka, amma zaƙin zan tafi da shi. In na bar musu, su ma a kunu za su ƙare."

"Yaro ne, Baba. Ba zai sha ba."

"Ke za ki ba shi."

Daga wannan bai ƙara magana ba.

Tabawa ta ɓanɓaro ɓawon wani ƙarami ta jiƙa. Da ta ɗanɗana, sai da idonta ya kawo ruwa. Mati ya tofar, ya sake tofarwa. Ƙarshe ta kwantar da shi a cinya, ta toshe masa hanci ta yi masa ɗura, yana tsala ihu tana kuka.

Yaron ya tashi. Amma tun daga ranar, in ya hangi kakarsa da ludayi a hannu, ko da kunu ne, sai ya ɓuya bayan uwarsa. Ya girma bai taɓa karɓar abin sha daga hannunta ba. Ita kuwa duk damina takan je ta shafa wa busasshen kututturen laka, har ta bar duniya.

Shi ya sa har yau maɗaci yake kashe zazzaɓi amma ba mai taɓa shi sai mai ciwo, kuma masu magani gefe ɗaya suke sara, su shafe wurin kafin su tafi. In an kawo muku ruwansa, ku runtse ido ku shanye. Kada ku guji hannun da ya ba ku.