Gadon da Abbas Ya Zaɓa wa Hajiya Mairo

Akwai wani mutum a Katsina mai suna Abbas, babban ma'aikaci, ɗan boko na gaske, irin waɗanda ko maganin sauro za su saya sai sun karanta rubutun da ke jikin kwalin. Gidansa yana wajen Ƙofar Kaura. Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Mairo, tana cikin gari a Gobarau, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya.

Abbas yana son mahaifiyarsa, wannan babu mai musu. Yana kuma so a san yana son ta, wannan ma babu mai musu.

Shi ne ɗan farinta. Kun san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta doguwar magana da shi. In ya zo gaisuwa ya durƙusa, ta amsa tana kallon wani wuri. In akwai saƙo, autarta Ramla take ba wa, ko da yana zaune a wurin: "Ki ce ma yayanku..."

Hajiya tana da wani gadon ƙarfe mai rumfa, wanda mahaifinta ya saka mata cikin kayan ɗaki. Fentinsa ya kaɗe, in an hau yana ƙara. Amma dogo ne, kuma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Da asuba sai ta zuro ƙafafu, ta kama ƙarfen rumfar, ta zame kaɗan, sai ga ta tsaye. Ta ɗauki butarta ta fita. Ba ta kiran kowa, kuma wannan rashin kiran kowa shi ne abin da ya rage mata na mulki.

Abbas kuwa duk ya shiga ɗakin, gadon nan ne yake tsone masa ido. A ganinsa, uwar mutum irinsa ba ta kamata da abin da ke ƙara ba.

Ran nan Hajiya ta tafi garin Mani bikin jikar ƙanwarta. Abbas ya ga dama ta samu, ya nufi wani babban shagon kayan ɗaki, mai gilasai da sanyin na'ura. Mai shagon, wani Sammani, ya taso da fara'a har kunne.

"Ranka ya daɗe, ƙari za a yi ne? In amarya ce, akwai wanda ya sauka jiya."

"Hajiyata zan saya ma."

"Allahu akbar! Irinku sun yi ƙaranci, yallaɓai. Wani sai ya cika ɗakin mata da kaya, uwa na bisa tabarma."

Abbas ya ji daɗin wannan magana, duk da Sammani yana faɗa wa kowa irinta.

Aka shiga zaɓe. Abbas ya tambayi irin katakon. Ya tambayi ƙasar da aka ƙera shi. Ya danna soson da ɗan yatsa ya ga ko zai dawo. Ya shafa yadin, ya sa an kunna fitila ya ga launinsa da kyau, ya duba ɗinkin ta baya. Ya kwatanta wannan da wancan har Sammani ya fara gumi a cikin sanyi. Tsohuwar da za ta kwanta a kai ce kawai ba ta shigo cikin tambayoyin ba.

Daga ƙarshe ya tsaya a kan wani, wai ɗan Turkiyya. Gado ne marar ƙafa, zaune daram a ƙasa kamar dakali, an lulluɓe shi da soso da karammiski ruwan madara. Allonsa ya kusa taɓo silin, an jera masa maɓallai masu ƙyalli. Wurin kwanciyar kuwa, har da katifa, bai kai gwiwar mutum ba.

"Yanzu shi manya ke yayi," in ji Sammani. "Dogon gado ai sai asibiti."

Kuɗin ba sai an faɗa a nan ba. Abbas ya riga ya faɗa wa duk wanda ya sani.

Ya ɗauki hoto ya tura wa Ramla, wadda ke aure a Ƙofar Durbi. Nan take ta kira.

"Yaya, wannan na wa?"

"Na Hajiya. Kar ki faɗa mata, so nike ta dawo ta tarar."

"Ka tambaye ta?"

"In na tambaye ta mi za ta ce? Cewa za ta yi a bari."

"To ai shi ne. Yaya, gadon nan ya yi ƙasa. Da mi za ta riƙa in za ta tashi?"

"Ramla, ke kin taɓa sayen gado? Naki ma ni na saya maki."

Ramla ta ajiye wayar, domin gaskiya ne, kuma Abbas mutum ne mai tuna irin wannan gaskiyar.

Washegari a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu. Sai da aka kwance gadon gunduwa-gunduwa kafin ya wuce zaure. Da aka haɗa shi ya cinye ɗakin, ya bar wata 'yar hanya tsakaninsa da bango. Kwallaye da samirun da Hajiya ke jerawa ƙarƙashin tsohon gado aka tara su a tsakar gida, tunda sabon ba shi da ƙarƙashi.

Tsohon gadon kuwa, Abbas ya tsayar da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, a bakin titi ya ce su ɗauke. Bai karɓi ko sisi ba, ya ce sadaka. Gadon ba nasa ba ne, ba na mahaifinsa ba ne. Kowa ya san kayan ɗakin mace nata ne. Amma sadaka da kayan wani tana da sauƙin yi.

Da Hajiya ta dawo, Abbas yana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu yana ɗauka. Ta ɗaga labule ta tsaya. Ta kalli allon, ta kalli maɓallan, ta kalli kusurwar da rumfa take a da. Ta daɗe tana kallon wurin.

Sannan ta juya wajen Ramla ta ce, "Ki ce ma yayanku Allah ya yi albarka."

Abbas ya sa bidiyon a shafinsa. Jama'a suka yi ta kuka da hotunan fuska mai hawaye.

Asubar farko Hajiya ta zuro ƙafafu, sai ta ji gwiwoyinta sun taso sama da ƙugunta. Ta miƙa hannu, babu ƙarfe. Ta dafa katifa, hannun ya nutse. Ta dafa allon, karammiski yana zamewa. Ta yi ta yunƙuri har gari ya fara haske. Daga nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kira Saudatu, matar ƙaramin ɗanta da ke ɗaya sashen gidan.

Saudatu yarinya ce mai kirki, ta zo da gudu ta ɗaga ta. Amma suruka suruka ce. Matar da ta yi rayuwarta ba ta ko cin abinci gaban suruka, yau ga shi suruka ta rungumo ta kamar jaririya.

Daga ranar Hajiya ta fara lissafin tashi. Ta rage shan ruwa. Ta daina fitowa tsakar gida shan hantsi, domin duk fita sai an kira mutum, duk komawa kuma sai an sake kira. Ta daina shafa man zafi a gwiwa, kar ya ɓata yadin. Tuwo ma a tsorace take ci, hannu ɗaya na tare da miya.

Ramla ta ce za ta gaya wa Abbas. Hajiya ta ce, "Ki bari. Ya kashe kuɗinshi."

Ramla ba ta bari ba, ta same shi har gida.

"Yaya, Hajiya ba ta iya tashi. Ko dai a canza, ko a sa bulo a ɗaga shi."

"Bulo? Gado irin wannan bisa bulo, kamar teburin mai shayi?"

"To a samo mata dogo."

"Ita ta ce maki ba ta so?"

"Kai ma ka san ba za ta ce ba."

"Ni da kunnena na ji ta sa albarka. In kin manta, bidiyon na nan. Sabo ne, za ta saba."

Kullum ya je gaisuwa yana tarar da ita a kan gadon, sai ya ɗauka daɗinsa ne ya hana ta sauka. Har ya gaya wa abokansa cewa Hajiya yanzu ba ta son rabuwa da shi. Ta wani fannin gaskiya ya faɗa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Abbas ya ɗauko maigidansa na ofis, Alhaji Garba, wai ya zo ya gaida Hajiya. Bai sanar da kowa ba. Saudatu kuwa ta leƙa maƙwabta yin barka, a zatonta ba za ta daɗe ba.

Suka yi sallama daga tsakar gida, shiru. Suka sake. Abbas ya ɗaga labule yana murmushi, Alhaji Garba na bayansa.

Hajiya tana ƙasa, a matse cikin 'yar hanyar nan tsakanin gado da bango, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Tana son zagayawa bayi, ta kira Saudatu har muryarta ta dishe, da ta ga ba za ta iya jira ba ta yunƙura da kanta, ta faɗi. Abin da take gudu ya riga ya faru, kuma karammiski ruwan madara ba ya ɓoye komai.

Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Alhaji Garba dattijo ne. Ya saki labulen ya koma zaure, kuma har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Abbas ya fi so a ce zaginsa ya yi.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya tsage. Ta yi jinya mai tsawo a kwance. Da aka sallame ta, ta ce a kai ta gidan Ramla, ba ta komawa Gobarau.

Abbas ya bi 'yan gwangwan har inda suke tara kaya. Ya kwatanta gadon, ya kwatanta rumfar. Mai wurin ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ƙarfe ba ya kwana a nan. Tuni aka yanka shi aka loda a tirela."

Sai ya je wajen mai walda. Wannan karon ya tambayi Ramla tsawon da ya kamata, ya tambayi inda za a sa abin riƙewa, har ya roƙe ta ta tambayi Hajiya launin da take so. Hajiya ta ce ko wanne.

Aka kawo sabon gadon ƙarfe gidan Ramla, dogo, mai rumfa, yana warin fenti. Aka ɗora Hajiya a kai. Abbas ya durƙusa daga bakin ƙofa.

Hajiya ta zuro ƙafafu. Ta kama ƙarfen da hannu biyu. Ta ja. Hannuwan suka yi rawa, ta ɗago kaɗan, ta koma. Ta huta, ta sake ja. Ƙafafun da suka daɗe ba su ɗauke ta ba sun manta da aikin.

Ta saki ƙarfen a hankali, ta gyara ɗankwalinta.

"Ramla, zo ki ɗaga ni," in ji ta. "Amma ki ce ma yayanku ya fita tukuna."

Abbas ya fita. Ya tsaya a tsakar gidan ƙanwarsa cikin rana, da babbar rigarsa da makullin mota a hannu, yana jin Ramla daga ciki tana cewa, "Sannu Hajiya, riƙe wuyana. Sannu."

Darasi: Kafin ka yi wa tsoho alheri, ka zauna ka ga yadda yake tashi da yadda yake kwanciya, ka kuma tambaye shi. In kunya ta hana shi faɗa maka, ka saurari wanda yake faɗa wa. Shirun iyaye ba yarda ba ne, kuma albarkar da suka sa maka ba shaidar ka yi daidai ba ce, sau da yawa rufa maka asiri suke yi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san yana shirin ba wata tsohuwa mamaki.