Ƙwaryar Gurjiyar Tabawa da Dela

Dalilin da ya sa, ya ku yara, kukan tarar da gida cike da tsofaffi amma tsakar gidan shiru, ku tarar da wani cike da 'ya'ya alhali babu mai furfura, shi zan warware muku. Ku daina mutsu-mutsu.

A zamanin farko, kowace uwa takan bar wa 'yarta ƙwaryar gurjiya. Wadda ta ci ƙwaya ɗaya ta sami shekara guda. Wadda ta shuka ɗaya ta sami ɗa, shukar kuma ta mayar mata da iri. Ɗaya bayan ɗaya ake shukawa, saboda haka rai da haihuwa ba sa cin juna.

Wata mata ta rasu ta bar 'ya'ya biyu, Tabawa da ƙanwarta Dela, suka raba ƙwarya guda. Tabawa ba ta san natsuwa ba. Ta buɗe ƙwaryarta, ta rufe, ta kasa kunne ko ƙwari sun shiga. Ranar da ta ga huji a ƙwaya ɗaya, ta ɗora kasko ta soye rabonta kaf. Soyayyar gurjiya kuwa tana ba da shekara, amma ba ta tsirowa.

Dela ta ji ƙauri ta rugo. "Yaya, iri ake soyawa?"

"Ke zauna nan, ƙwari su cinye kwananki."

Tsoro ya kama Dela kada a soya nata. Ta binne shi duka a yini ɗaya, tun ruwa bai sauka ba. Damina ta yi, ta haifi 'ya'ya goma sha biyu. Abin da ta girba ta raba musu, ƙwaryarta ta koma wayam.

Da shekara ta doshi ƙarshe, Dela ta kasa zaune ta kasa tsaye, don ba ta da ƙwayar da za ta ci ta ga baɗi. Ta sami yayarta tana zagaya tsakar gida ita kaɗai.

"Yaya, ba ni ɗaya in yaye autana."

"Kin tara runduna, roƙe su mana."

"Ba zan ci kwanan ɗana ba."

Tabawa ta tsaya. "Zan ba ki. In kin yaye shi, nawa ne."

"Ki rantse za ki bar masa ɗanya ko ɗaya."

Tabawa ta rantse, ta ba ta ɗaya. Dela ta yaye yaron, ta miƙa shi da rabonsa, ba ta ga wata damina ba. Tabawa ta soye rabon, ban da ƙwaya ɗaya.

Shi ya sa har wa yau zuriyar autan nan suke haihuwar ɗa ɗaya tak, su tsufa har su gaji, suna leƙen katanga suna sauraron hayaniyar gidan Dela, inda ake shuke iri duka ba a tsufa, jikoki na tambayar yadda kakarsu take.