Zanin da Aka Rufa wa Kwalba

Ku yi mini afuwa, iyayena da yayyena. Ban kai in zauna inda masu wa'azi ke zama ba, ko a aji aka ce in tashi in yi karatu muryata rawa take yi. Shi ya sa na rubuta. In kun ga kuskure, ku gyara mini a hankali.

An yi wata baiwar Allah a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, ana ce mata Rumasa'u. Injiniya ce. Tare suka yi karatu da ƙawarta Barira, tare suka sha garin kwaki a ɗakin kwanan ɗalibai, da suka gama kowace ta kafa ɗan kamfaninta. Kuma abu ɗaya suke ƙerawa: kwalba, akwatin gilashin nan da ake sa bakwaini ya sami ɗumi har ya yi ƙwari. Tasu da hasken rana take aiki, saboda asibitocin ƙauye da ba su da wuta.

To, ku saurara. Kwalbar Barira ta fi kyau, kowa ya sani. Amma ta Rumasa'u ce ta shiga ƙauyuka, don ita ba ta jin nauyin hawa bayan akori-kura ta kai da kanta. Sai mata suka tsiri wani abu: duk wadda 'yarta ta rayu a kwalbar, ranar suna a raɗa mata Rumasa'u. Rumasa'u a nan, Rumasa'u a can. Barira ta daure, ta daure, har ranar da ƙanwarta Hansatu, uwa ɗaya uba ɗaya, ta haifi bakwaini, aka yi suna, ta ji sunan yarinya.

Ta ja ta ɗaki. "Ke Hansatu, sunaye sun ƙare ne a duniya?"

"Yaya, a kwalbarta fa ta rayu."

"Ni tawa tukunyar miya ce?"

Ranar nan ta ci tuwon suna kamar mai haɗiyar tsakuwa.

Wata rana lokacin sanyi, Barira ta je wani asibitin ƙauye tallan tata kwalbar, sai ta tarar da ta Rumasa'u an lulluɓe ta ruf da zanin atamfa. Kakar jaririn na zaune a gefe tana jan carbi.

"Iya, me ya sa kuka rufe?"

"Yo 'yar nan, jinjiri kayan kallo ne? Kowa ya shigo sai ya zuba masa ido. Bakin mutane ba shi da kyau."

Barira ta zura hannu ƙarƙashin zanin, ta ji ɗumi ya wuce yadda ya kamata. Nan take ta gane. Kafar da iska ke fita a kwalbar Rumasa'u a sama take, zani ya toshe ta. Ita kuwa tata a ƙasa ta yi ta. Ta janye zanin, ta ce wa tsohuwa kada ta ƙara, ta fita. Ta san tana juya baya zanin zai koma. Ta kuma san ba wannan ce kaɗai kaka a ƙasar ba.

Waya na cikin jakarta, lambar Rumasa'u na cikin wayar. Ta ciro, ta duba, ta mayar. Ku ji fa, ta mayar! Ta ce a ranta, ai sanyi ake yi, ba abin da zai faru, bari a kai ranar taro. Domin an sa ranar da manyan ma'aikatan lafiya za su zauna su zaɓi kwalbar da za a raba wa asibitoci, kuma kowa ya gama sanin wadda za a zaɓa.

Taron bai zo ba sai da bazara ta kunno kai. Rumasa'u ta yi bayani, aka yi ta tafi. Sai Barira ta miƙe.

"Injiniya uwar 'ya'ya, ina da 'yar tambaya."

Ta cire gyalenta, ta shimfiɗa a kan kwalbar Rumasa'u da aka kunna a wurin, ta harɗe hannu. Ba a jima ba ma'aunin zafi ya fara hawa, yana hawa, yana hawa. Barira ta tsaya tana jiran gardama. Ta ma shirya amsoshinta tun a gida.

Rumasa'u ta sa hannu ƙarƙashin gyalen, fuskarta ta sauya. Ta juya ga shugaban taron ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa. Kada ku ɗauki tawa, tana da illa." Ta umarci ma'aikatanta su buga wa kowane asibiti waya a cire duk abin da aka rufa. Sannan ta matso kusa da Barira, ta rage murya.

"Ƙawata, yaushe kika gani?"

"Tun da sanyi."

Rumasa'u ta dube ta. Barira ta so a zage ta, wallahi da zagin ya fi mata sauƙi. Amma abin da ta ji shi ne, "Ga shi zafi ya shigo. Akwai inda waya ba ta shiga. Ɗauko gyalenki mu tafi."

Suka kama hanya, rana na dukan mota. A wani ƙauye bayan rafi suka sami kwalba an rufa mata zani har da ƙari. Jaririyar ciki ta yi jajur, ta daina ko motsin kuka. Suka yaye zannuwan, ungozoma ta fito da ita, aka shafa mata ruwa, aka yi ta fama, kakarta Goggo Tabawa na salati. Can sai yarinya ta tsala ihu, ta kama mama.

Ungozoma ta fara yi wa tsohuwa faɗa, Rumasa'u ta tare ta. "Goggo ba ta yi laifi ba. Ni ce na ƙera wa jikarta ɗaki ban tambaye ta ba." Ta waiwayi Barira. "Za ki koya mini yadda kika mayar da kafar iska ƙasa? Sai mu yi wa zanin nasu maratayi, su rufe abinsu ba tare da ya taɓa ba."

Goggo Tabawa ta share ido ta ce, "Wace ce Rumasa'un a cikinku? Jibi suna."

"Ni ce, Goggo, amma ni kuskure na yi. Wannan ce ta gano shi. Sunanta Barira."

Barira ta buɗe baki za ta faɗi sauran labarin, Rumasa'u ta matse mata hannu.

Jibi ya zo, aka raɗa wa yarinya Barira. Kwalbar Barira manyan suka zaɓa, ga kuma takwara ta samu. Duk abin da ta yi shekaru tana ƙishirwa ya zo hannunta, amma da aka miƙo mata jaririyar ta kasa ɗaga ido. Ba ta ganin komai sai wayar nan da ta mayar cikin jaka.

Jama'a, abin da nake so in ce ke nan. Mai gaskiya ya fi son a kunyata shi a gaban taro da a ce wani ya cutu a hannunsa. Mai hassada kuwa ko ya samu, ba ya jin daɗin abin da ya samu. Kowannenmu yana da wata Rumasa'u da jin sunanta ke ƙona masa rai, a makaranta, a kasuwa, ko a gida. In ka hango zani a kan kwalbarta, kada ka jira ranar taro. Akwai jinjiri a ciki, kuma shi bai san gasar da kuke yi ba.

Na ajiye takardar nan a kan dardumar Malamarmu kafin a idar da la'asar. Takalmina na bakin ƙofa. Don Allah kada a tambayi wadda ta rubuta.