Lodin Maharazu a Tsakanin Taurari

Akwai wani ɗan kasuwa Bakano mai suna Maharazu, yana harkar kago a Murshid Bazaar da ke Dubai. Aikinsa cika kwantena. Abokan sana'arsa suna cewa idan ya gama lodi, ko allura ba ta samun wurin kwana. Cikin tukwane yake cusa takalma, cikin takalman ya cusa safa. A wurinsa gurbin da ya tafi fanko asara ne, zubar da kaya kuwa abin kunya ne da ɗan halak ba ya yi.

Yana da amini, Izzuddeen, injiniyan na'urorin sanyaya ɗaki, mutumin Misau. A'a, ku yi haƙuri, Azare ne. A gini ɗaya suke a International City, wannan a sama, wancan a ƙasa.

Izzuddeen ne ya koya masa wani wasan kwamfuta. Ni ban taɓa riƙe abin ba, amma an zaunar da ni na kalla. Kowa yana da jirginsa na sararin samaniya, yana tsalle daga wannan tauraro zuwa wancan. Kowane tsalle yana shan mai, kuma gwargwadon nauyin jirgi, gwargwadon gajartar tsallensa. A hanya akwai tashoshin saye da sayarwa. Idan aka yi nisa tashoshin suna ƙarewa, sai dai mutum ya zuƙo mai daga jikin taurari da wata na'ura.

Muna yara, malaminmu yakan nuna mana taurari irin su Zara da Kaza da 'ya'yanta, ya ce da su ake gane lokaci. Ban zaci zan ga zamanin da magidanta za su yi alƙawarin haɗuwa a can ba. To, ina muka tsaya?

Kwantiragin Izzuddeen ya ƙare, bizarsa ma ta kusa. Ya faɗa wa amininsa cewa idan ya koma gida, wuta da sabis ba za su ɗauki wannan wasan ba. Sai suka yi alƙawari. Akwai wani shuɗin tauraro can bakin taswira, sunansa ya kwanta mini, za su isa wurinsa tare kafin ranar tafiya. Ranar Lahadi kawai suke da ita, bayan la'asar, kowa a ɗakinsa, suna magana ta waya.

A tasha ta ƙarshe Maharazu ya ga wani ƙarfe ana sayar da shi da araha. Ya cika jirginsa. Da wurin lodi ya ƙare, sai ya cire na'urar zuƙo mai, ya ƙara lodi a gurbinta.

Izzuddeen ya ce, "Alhaji, me na ga ka cire?"

"Wani tarkace ne, cin wuri kawai yake."

"Tarkacen nan shi zai ba ka mai a gaba. Kuma inda za mu babu kasuwa. Wa za ka sayar wa, aljanu?"

"In mun dawo fa? Injiniya, kai ka san waya da fanka, ni na san lodi. Yalla, mu tafi."

Suka tafi. Inda Izzuddeen ya yi tsalle ɗaya, sai Maharazu ya yi uku, kamar jakin da aka labta wa gishiri. Izzuddeen ya yi gaba ya tsaya, ya sake yin gaba ya tsaya. Ana haka man Maharazu ya ƙare ƙaf, a gefen wani jan tauraro mai dishi-dishi, babu kowa babu komai.

Izzuddeen bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya juyo da jirginsa, ya ɓata Lahadi guda a hanyar dawowa, ya cika wa amininsa tanki.

Lahadin da ta biyo suka iso bakin wani fili mai faɗi, babu tauraro ko ɗaya a tsakiyarsa. Jirgi marar nauyi yana tsallake shi. Na Maharazu ya ƙi. Ya danna, jirgin ya yi ƙara ya koma. Ya sake dannawa, haka.

Izzuddeen ya ce, "Habibi, zubar da kayan nan, khalas, shi ke nan. Buɗe ƙofa kawai za ka yi."

"In zubar? Ni? Tun ina yaron shago a kasuwar Kwari ban taɓa zubar da ko ƙyalle ba."

"Alhaji, wannan ba Kwari ba ne. Ƙarfen nan hoto ne a allo."

"To mu zagaya. Kowane daji yana da hanyar bayan gari."

Matarsa Sabuwa tana wucewa da farantin abinci, ta leƙa allon ta ce, "Wai kayan nan da kake ta gumi a kansu, a wace kwantena za su iso Kano? In saka rai?"

Ya ce, "Ke ba ki san kasuwa ba."

Suka zagaya. Zagayen ya cinye musu wata Lahadin, ya kuma dawo da su bakin filin nan dai, ta wani ɓangare. Ran Maharazu ya ɓaci. Ya zagi jirgin, ya zagi waɗanda suka ƙera wasan, ya ce ba su taɓa yin fatauci ba. Daga baya ya ce, "Kai ka tsallaka mana, ka ɗauko mini hoto."

Izzuddeen ya ce, "Tare muka ce. In hoto nake so, ai akwai shi a intanet."

"To ka ba ni mako guda, zan samo dabara."

"Alhaji, Laraba ce tafiyata."

Maharazu ya san ranar, amma a ransa yana ganin kamar irin ranar da masu jirgin ruwa suke sawa ce, wadda ake ɗagawa.

Ba a ɗaga ba. Ran Laraba ya raka shi filin jirgi. Maharazu ne ya shirya masa akwatin da hannunsa, irin shirinsa. Da aka ɗora a sikeli, ma'aikaciyar ta ce ya yi nauyi. Maharazu ya gyara tsayuwa zai fara ciniki. Izzuddeen ya riga shi, ya buɗe akwatin, ya ciro dutsen guga da wasu littattafai da bargo, ya miƙa masa.

"Riƙe, ka ba wanda yake so. Kada in rasa jirgi."

Suka rungumi juna, ya shige.

Maharazu ya koma gida da bargo a hammata. Ya kunna wasan, ya buɗe ƙofar jirginsa, ƙarfen ya watse. Tsalle ɗaya ya tsallake filin. Ashe tauraron ma ba shi da nisa daga nan. Kafin a kira magariba ya isa, shuɗin haske ya cika allon, shi kaɗai.

Da ya tabbatar Izzuddeen ya sauka Azare, sai ya kira shi ta bidiyo, ya juya wayar ga allon.

"Injiniya, ga shi. Ka gani?"

"Alhaji, ba na jin ka sosai. Fari kawai nake gani. Ka ce me?"

"Na ce na zubar. Na iso."

Hoton ya daskare, layin ya yanke. Ya sake kira har hannunsa ya gaji, bai shiga ba.

Darasi: Ɗabi'ar da take ciyar da kai a kasuwa ba ko'ina take da amfani ba. Idan wanda yake ƙaunarka ya ce ka sauke wani nauyi, ka sauke tun yana kusa, domin kaya ana sake samu, amma ranar tafiyar aboki ba ta jira. 'Ya'yana, ku tura wannan ga duk wani mai taurin kai da kuke so, tun amininsa bai kama hanya ba.