Ranar Da Kogi Ya Koma Matacciya

Godiya ta tabbata ga Allah Mai gudanar da ruwa inda Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, duk wanda ya zauna gaban Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, ya shaida zurfinsa a Alƙur'ani da fiƙihu, da tsentseninsa da gudun duniyarsa, bawan Allah da ba ya ɗaga murya ko da akuya ce ta cinye masa takarda. Ga ɗaya daga karamominsa, yadda ta auku a kan idon ɗalibinsa Shu'ibu, magidanci masunci, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, tun ba a datse ruwa a Tiga ba.

Ƙasar gabas da Haɗejiya jigayi ne na yashi a jere, tsakaninsu fadama, kuma a kan jigawa ake kafa gari. Wani masunci, Umara, shi ya fara sauka a ɗaya, aka kira ta Jigawar Umara. Daga baya Kawu ya iso da shanunsa ya zauna a kudu, a tudun da bai kai Jigawar Umara tsawo ba, aka kira shi Tudun Kawu. A lokacin kogin ta arewa yake bi. A zamanin jikokinsu yashi ya toshe bakinsa, ya juya ya ratsa tsakanin garuruwan biyu, tsohuwar hanyar ta bushe ake ce mata Matacciya. Tun daga nan kowane gari ya tayar da jinga a gaɓarsa, ana auratayya da rani, ana hararar juna da damina.

A wannan shekara ruwa ya zo da ƙarfin da tsofaffi ba su taɓa gani ba, har jingar Jigawar Umara ta fara tsatsa. Da hantsi Bulama Garba, mai garin, ya yanke shawara: a haye a fasa jingar Tudun Kawu, ruwa ya zube can, su su tsira. Kuma ba wanda ke iya keta wannan igiyar ruwa a kan gorar masunta sai Shu'ibu.

Shi kuwa mahaifiyarsa Hajo tana Tudun Kawu gidan ƙaninta, ƙafa ta mutu, ba ta ko iya fita tsakar gida.

"Ranka ya daɗe, tsohuwata fa tana can."

"'Ya'yanka kuma suna nan," in ji Bulama. "Zaɓi."

Aka ɗaura masa fartanya a baya, ya rungumi gorarsa ya tsaya a bakin ruwa. A tsallake yana hango mutanen Kawu jere a kan jingarsu da sanduna da baka, don su ma ba yara ba ne. Ya sa ƙafa ɗaya a ruwa ke nan sai ya ji sallamar Malam a bayansa.

"Shu'ibu, fito. Bulama, a ba ni zuwa la'asar."

"Allah gafarta Malam, jingar nan ba ta kai la'asar."

"Mai ita zai riƙe ta."

Malam ya kama hanya ba gaggawa, Shu'ibu na biye da fartanyar a baya, har bakin Matacciya, inda tudun yashi ya toshe kogin tun zamanin kakanni, ƙayoyi sun yi girma a kansa. A bayan tudun, gero ne ya cika kwarin Matacciya, ya yi kai, saura kaɗan a girbe. Gonar Malam ce, wadda gari ya ba shi ranar da ya sauka, ita ce cin iyalinsa da baƙinsa na shekara. Ya tsaya a kan yashin ya yi nafila raka'a biyu, ya ɗaga hannu ya daɗe, sa'an nan ya kafa sandarsa a wurin ya ce su hau tudu.

Azahar ta wuce, shiru. Daga gari ana ta ihun a kawo ƙasa, wani ya sheƙo a guje ya ce Bulama na kiran Shu'ibu. Shu'ibu ya dubi Malam, Malam na jan carbi. Wallahi a wannan sa'a zuciyarsa ta raya masa abin da bai kamata ɗalibi ya raya game da malaminsa ba.

Ladan bai rufe baki daga kiran la'asar ba sandar ta karkata. Yashin ya tsage, ƙayoyi suka kife, kogi ya afka tsohuwar hanyarsa da ruri. Kafin a idar da salla ruwan da ke tsakanin garuruwan ya ja baya da kamu guda, mutanen gaɓa biyu suna ta kabbara suna amsa wa juna.

Shu'ibu kuwa kwarin yake kallo, inda ko kan gero ɗaya ba ya gani. Ya durƙusa yana kuka.

"Allah gafarta Malam, gonarka ce ta tafi."

"Na sani, ita na miƙa. Kwance fartanyar nan, ka haye ka gaida mahaifiyarka."

Haka bayin Allah na gaskiya suke. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba mu albarkacinsa, mu da iyayenmu da zuriyarmu. Amin.