Sarƙar da Ta Daina Kuka

Sunan mutumin ya ɓace mini, haka ma sunan ƙauyensa. Kaina yanzu kamar tsohon kwando yake, manyan abubuwa kaɗai yake tarewa. Ko a wajen Zonkwa na ji labarin, ko a ƙasar Tangale sa'ad da nake yawon koyarwa, ban tuna ba. Ku yi mini haƙuri, ga abin da ya saura.

Akwai wani manomi da yake da keke guda. Ƙauyensa na nesa da gari, tafiyar yini ce a ƙafa, hanyar kuwa yashi ce. Da keken yake zuwa gona, da shi yake kai matarsa Rahila sujada.

Ana nan sai sarƙar keken ta fara kuka. Duk inda ya bi sai a ce, "Maƙwabci, gyare ka ɗaure a ƙarƙashin sirdi?" Abin ya dame shi ƙwarai, gama shi mutum ne da ba ya son a yi masa dariya.

Ran kasuwa ya kai keken wurin Baba Gambo, mai gyara a gindin tsamiya. Tsohon ya shafa sarƙar, ya murza yatsunsa, ya ce, "Ƙasa ce ta cika ta, ɗana. A cire ta, a jiƙa cikin kananzir, a goge, ta bushe. Sa'an nan a ɗiga mata mai marar kauri, irin na keken ɗinki."

"Har zuwa yaushe, Baba?"

"Zuwa la'asar."

Wani mai babur da ke shan inuwa a wurin ya yi dariya. "Tsoho da son dogon aiki! Zo, abokina, ga sauran abin da nake shafa wa tawa sarƙar. Abin da ya ishi doki ai ya ishi jaki."

Ya miƙa masa gwangwanin mai, baƙi, mai kauri kamar ƙullun ƙosai. Manomin ya lakato da tsinke ya shafa a kan dattin. Ya juya feda, sai shiru. Ya hau yana murna.

Baba Gambo ya ɗaga murya a bayansa: "Ɗana, sarƙar babur tana cikin murfi, taka tsirara take!" Amma ya riga ya yi nisa.

Tun daga ranar, da zarar sarƙar ta yi ɗan kuka sai ya ƙara mata. Gwangwanin ya ƙare, ya koma roƙon baƙin mai wurin mai injin niƙa. Rahila ta ce, "Baban Ladi, wannan abin naka ya gama mini da zanen sujada." Ya ce, "Gara baƙin zane da bakin mutane." Wani lokaci feda takan zame masa a kan tudu, sai ya ce ai babu kuka, lafiya lau ne. Haka aka yi damina biyu.

Da kaka, suna cirar gyaɗa da hantsi, kububuwa ta sari Rahila a idon ƙafa. Ba kowa kusa. Ya aza ta a bayan keken, ya ɗaure ta a jikinsa da zanenta, ya kama hanyar asibiti. Suka wuce gonaki, suka gangara rafi. A wurin haurawa ya miƙe a kan feda da dukan ƙarfinsa. Sarƙar ta tsinke.

Ya durƙusa cikin yashi, ya nemi dutse zai haɗa ta. In ya buga nan, can ta buɗe. Baƙin man ya hana yatsunsa riƙo.

Rahila ta ce a hankali, "Baban Ladi, mun iso ne?"

Ya ce, "Saura kaɗan."

Ba kaɗan ba ne. Ya tura keken da ita a kai, rana na dukansu, har jini ya fara fitowa daga dasashinta. Sai gab da faɗuwar rana suka shiga asibiti. Mai ba da magani ta dubi ƙafar, ta dube shi, ta ce, "Ina kuka tsaya tun safe?" Sai ya ɓoye hannuwansa a baya. Rahila ta kwana biyu, ta rasu.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Sarƙar ita ce zuciyar mutum, yashin kuwa zunubin da take kwasa a hanya kowace rana. Kukan nan alheri ne, Ubangiji ne ke cewa, tsaya a wanke ka. Amma wanki yana da zama, yana da kunya, dole a kwance ka a gaban wanda ya san aikin. Saboda haka mukan nemi abin da zai sa shiru. Ka zalunci ɗan'uwanka, maimakon ka je ka roƙe shi gafara, sai ka ƙara murya a waƙa ran Lahadi. Ki yi wa maƙwabciya ƙarya, sai ki kai mata tuwo don kada a ta da zancen. Zuciya takan yi shiru kuwa. Amma shiru ba lafiya ba ne. Kuma ranar hawan tudu, sau da yawa ba kai kaɗai ne a kan keken ba. In taka zuciyar tana kuka yau, ka gode wa Allah, ka kai ta wanki tun ana ji.

Abu ɗaya ban yarda da kaina a kansa ba, na ce ko tsufa ne ya ƙara mini. Don haka bara na je wurin wani mai gyaran keke, na roƙe shi ya buɗe mini tsohuwar sarƙa irin wadda aka yi wa baƙin mai. Ya fitar da ƙusa ɗaya daga gaɓarta, ya goge, ya aza mini a tafin hannu. Daga waje sarƙar tana ƙyalli. Ƙusar kuwa yashi ya cinye tsakiyarta, ta yi siriri kamar ƙugun zanzaro.